Ajiyar da Mai Hoto Bai Leƙa Ba

Shekara biyu ke nan da rasuwar matarsa, amma har yanzu Mai Hoto kujera biyu yake gogewa kowace safiya a shagonsa. Ɗaya tasa, ɗaya tata, a gaban kwamfuta.

Shagon ɗan ƙarami ne, amma ya yi suna da abu ɗaya. A saman ƙofa akwai allo: HOTONKA NA NAN HAR JIKOKINKA. Ko bayan shekara goma ka dawo, za a fito maka da naka. Hotunan suna cikin kwamfuta, kuma kowace yamma ana kwafe su zuwa wani ɗan baƙin akwatin ajiya mai koriyar fitila.

Marigayiya ce mai kula da wannan ɓangaren. Duk ƙarshen mako sai ta zauna ta riƙa buɗe tsofaffin hotuna, ta tsinci wannan ta tsinci wancan.

"Kallon kayan mutane dai kike so," yakan tsokane ta.

"Ajiyar da ba a leƙawa ta ɓera ce," takan ce. "Kai dai je ka ce musu su yi murmushi."

Tun da ta rasu bai sake buɗewa ba. Hotunanta na ciki, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ya dai jona akwatin, fitila ta kawo kore, ya ja ƙofa ya koma gidan da babu mai yi masa sannu da zuwa.

Wata rana da hantsi sai ga wani direban babbar mota ya shigo.

"Baba, ka gane ni? Kai ka ɗauki bikina."

"Angon da takalmi ya matse? Ai har yau ina tuna yadda kake ɗingishi."

Direban ya yi ɗan murmushi, sannan ya sunkuyar da kai. Mahaifiyarsa ta rasu wata guda da ya wuce. Hotunan gida kuwa tuni ruwan sama ya shiga ɗaki ya cinye su.

"Ƙaramar 'yata ke tambaya yaya fuskar kakarta take. Na ce mata akwai a wurin Baba."

"Zauna. Minti biyu."

Sunan direban na nan a kwamfuta. Ranar bikin na nan. Hoto ɗari huɗu, babu wanda ya ɓace a jeri. Mai Hoto ya danna na farko.

Rufin ɗaki ya fito, sai saman ɗankwalin tsohuwar. Daga goshi zuwa ƙasa, toka-toka. Na biyu zane-zane ne kawai. Na uku ya ƙi buɗuwa.

"Kada ka damu," ya ce. "Akwai akwatin ajiya."

Ya jona. Abin da ke kwamfuta shi ne a akwati, tokar nan dai.

Ko abinci bai ci ba ya kwashi kayan sai wurin wata mai gyaran kwamfuta. Kwana uku tana fama kafin ta kira shi.

"Baba, ma'ajiyar kwamfutarka ta daɗe tana lalacewa a hankali, kamar gara a cikin katako. Kowace yamma kuma akwatin yana kwafe lalataccen ya danne mai kyau."

"Amma fitilar kore take kawowa."

"Fitila cewa take an kwafa. Ba ta san me aka kwafa ba." Ta dube shi. "Yaushe rabon da a buɗe tsofaffin?"

Ya ƙirga a ransa: shekara biyu.

"Da a watannin farko ka gani, da mun ceto kusan duka. Yanzu kam sai na 'yan kwanakin nan."

Da direban ya dawo ya ji bayani, bai ɗaga murya ba. Ya ɗaga kai ya karanta allon, ya ce, "To, Baba. Allah ya sa hakan ne alheri." Ya fita.

Magana ba ta kwana. Mutane suka yi ta zuwa neman nasu, suna komawa hannu rabbana. Makarantar da ke kawo masa ɗalibai duk shekara ta sauya mai hoto. Cikin wata biyu shagon ya koma sai shi sai ƙarar fanka. Da kansa ya taka benci ya sauke allon.

Ran nan ne ya zauna a kujerarta, ya yi abin da ya guje wa shekara biyu. Ya buɗe hotunanta.

Ɗari uku da sha ɗaya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har rana ta karkata. Guda ɗaya ne ya buɗe rabi: bangon shago, da hannunta a kan wannan kujerar. Fuskar babu.

Ya daɗe yana kallon hannun.

Mai karatu, in sana'arka ta dogara da abin da ka adana a na'ura, kada ka yarda da fitila ko jerin sunaye. Ka riƙa buɗe ajiyarka kana gani da idonka, ka kuma ware wani kwafin da sabo ba ya dannewa. Asarar da ba ta yi ƙara ba ita ce ta fi cin mutum, domin ranar da ka gano ta, ta riga ta gama.