Kofi na Tara

Alƙalin wasa ya miƙo masa kofin tun bai zuge jakarsa ba.

"Karɓi, zakara. Bana babu wanda ya rubuta suna sai kai."

Shekara takwas a jere kafin bana yana lashe gasar tanis ta Gombe, abokan karawarsa kuwa suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshensu, wani malami daga Jekadafari, cewa ya yi ya gaji da zuwa rakiya.

Zakaran ya kasa tsayuwa wuri ɗaya. Ya zagaya filin, ya taɓa raga, ya dawo wurin alƙalin.

"Baba, ko kai ne ka shigo mu buga. Zan ba ka maki."

Tsohon ya yi dariya. "Da wannan gwiwar tawa? Kai ka kore su, sai ka buga da bango."

Zakaran ya ajiye kofin a ƙasa, ya cilla ƙwallo sama, ya yi bugun da bai taɓa yin mai kyansa ba. Ta dira daidai kan layi, ta gangara cikin ciyawa.

Ya daɗe a ranƙwafe, yana jiran ta dawo.