Kabari Na Arba'in Da Ɗaya

Mai haƙan kabari ya ce arba'in da ɗaya ya binne a shekarar 2000. Ordinata, wato kwamfuta, ta ce arba'in. Abdurrazak, mai kula da rajistar ƙungiyar 'yan Nijar a Tamanrasset, ya fi yarda da ordinata, don ita ba ta taɓa cin goro ta manta ba.

Sai dai ran Alhamis za a aika sunayen waɗanda sahara ta cinye zuwa gida, a sanar da iyalansu. In mutum ɗaya ya faɗi daga jerin, akwai gidan da za a ci gaba da jiran wanda ba zai dawo ba. Ya san jira. Ƙanensa Idrisa ya wuce Wargla neman aikin gini tun watan Maris, kuma ba ya bugo tarho sai lokacin da Abdurrazak ba ya buro, wato ofis, a bar masa saƙon gaisuwa.

Ya buɗe ɗan shirin da ya rubuta da hannunsa, mai tsamo duk wanda ranar rasuwarsa ta faɗo cikin shekarar. Ya bi shi layi-layi. Lafiya lau, abin da ya ɗan ɓata masa rai.

"Malam Abdu, ka bar shi haka mana," in ji Rabi, sakatariya mai shigar da sunaye. "Tsohon nan ai bai iya ƙirga ba."

"Ramin da mutum ya haƙa da gumi, yakan tuna shi."

"Af, Idrisa ya bugo ɗazu. Yana gaishe ka."

"Na gode masa."

Bayan la'asar ya gano inda gizo ke saƙa. Shirin nasa, in ya ga shekara mai lamba biyu, sai ya manna mata 19 a gaba. Duk wanda aka rubuta masa 00, ya rasu ke nan a 1900, babu ruwan bana da shi. Shi da kansa ya gargaɗi Rabi tun Janairu ta riƙa rubuta shekara da lamba huɗu, kuma shekara shida ba ta taɓa kuskuren ko waƙafi ba.

Ya gyara layin. Da ya waiwaya don ya yi wa Rabi ba'a, kujerarta babu kowa, mayafinta ma babu.

Firinta ta yi ta kuka har ta tofo takarda. Arba'in da ɗaya. Na ƙarshen an tsince shi a kan hanyar In Salah ran tara ga Maris, mako uku kafin gaisuwar farko ta iso ta bakin Rabi: Idrisa Mahamane, magini, ɗan Damagaram.