Kakin da ke Gindin Ma'auni

Yaya, kai ne mai ba ni misali in magana ta yi mini nauyi. Tun da ka tafi babu mai ba ni, shi ya sa na ƙulla wannan da kaina. Ka saurara, ko da bai kai naka ba.

An yi wani maharbi da yayansa ya rasu ya bar masa bindiga mai dogon hanci, da jakar kwanson harsashi, da wani ɗan ma'auni. Marigayin ba ya harbi da harsashin kasuwa, da hannunsa yake ɗura nasa. Sai ya goge kwanso har ya yi ƙyalli, ya auna albarushi ya zuba, ya dasa dalma a baki, kowane harsashi ya fito kamar tagwayen ɗan'uwansa. Ma'aunin kuwa tsohon kwanso ne aka yanke aka ɗaura masa mariƙin waya, bai fi kan ɗan yatsa ba. Da shi mutumin nan ya yi suna. In ya ɗora bindiga a kan buhun yashi ya auna faifan da aka rataye can ƙetaren fadama, ramukan da zai huda ganyen magarya ɗaya yakan rufe su duka. To, maharban garin suna da al'ada: bindigar mamaci ba ta zama ta magaji sai ya harbi faifai a gaban Sarkin Baka bayan girbi. In harbinsa ya taru wuri guda, tasa ce. In ya warwatse, a miƙa ta ga wani maharbin, ta bar gidan ke nan.

Ƙanen ya shiga shiri. Albarushin da marigayin ya bari ya ƙare, ya sayo sabo. Ya yi komai yadda ya saba gani, ya cika ma'auni, ya share bakinsa da tsinke, ya zuba. Amma bindiga ta ƙi shi. Tana nausar kafaɗarsa har ta yi tsami, kwanso yana maƙalewa sai an yi kokawa ya fita, harbi kuwa wannan sama, wancan gefe, kamar an watsa wa kaji tsaba. Ya zargi iska. Ya zargi buhun yashi. Ya zargi idonsa, da ke kawo ruwa duk sa'ad da ya kwantar da kunci inda kuncin yayansa ya goge katako har ya yi santsi. Abokan farauta suka ce masa sabon garin albarushin nan ya fi tsohon zafi, ya rage awo tun bindigar ba ta yi masa illa ba. Ya ce ko kusa. Abin da hannun yayansa ya yanka, shi wane ne da zai taɓa? A wurinsa, rage ƙwaya ɗaya daga ma'aunin nan daidai yake da sake binne mutumin.

Girbi ya ƙarato, matar marigayin ta tarar da shi a ƙarƙashin rumfa yana jujjuya ma'auni a hannu. Ta ce, "Ƙanen miji, kai har yanzu ba ka zo satar kaki ba? Yayanka duk ranar da ya sayo sabon gari, sai in nemi kakin da na tara wajen tace zuma in rasa. In na yi magana ya ce ɓera ne. Ɓera mai gemu!" Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta shige ɗaki.

Ya fita da ma'aunin rana, ya leƙa ciki, ya sa tsinke ya taɓa. Ba tagulla ya tarar a gindinsa ba, kaki ne hawa-hawa, na ƙasa ya yi baƙi don tsufa, na sama da sauran haskensa. Ga sawun bakin wuƙa inda aka kankare, ga inda aka sake ɗigawa. Ashe mutumin nan bai taɓa barin ma'auni ya zauna yadda yake ba. Gari ya zo da zafi, ya ƙara kaki awo ya ragu. Ya zo da sanyi, ya kankare. Abin da ƙanen ya ɗauka gado ne da ba a taɓawa, kullum cikin taɓawa yake. Ya roƙi matar yayansa kaki, ta ba shi. Ya narka ya ɗiga, ya ɗura kaɗan, ya je fadama ya gwada, ya dawo ya ƙara. A hankali bindiga ta daina naushi, ramuka suka riƙa matsowa kusa da juna. Ranar faifai, ganyen magarya bai rufe su ba, gaskiya ɗaya ce. Sarkin Baka ya tsinko na kanya ya ɗora, ya rufe. Ya ce, "Da saura, ɗana, amma hannun gidanku ne. Mai da ita gida."

Yaya, jiya na ɗiga kaki a ma'aunin da ka bar mini. Ban faɗa wa kowa ba tukuna. Ko Inna ba ta sani ba, har yanzu tana nuna wa masu zuwa gaisuwa shi, tana cewa yana nan yadda ka bar shi. Kai kaɗai na gaya wa, don ka riga ni sanin abin da Hausawa suka ce: in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.