Irin Geron da Aka Gwada a Kasko

Ka tambaye ni ma'anar gwadawa. Tela yakan gwada ka kafin ya yanka yadi, mai awo yakan gwada hatsi da mudu, amma akwai gwajin da ya fi waɗannan, wanda wani manomi ya koya a tsakar gidansa. Ƙwari ne suka cinye masa irin gero, ga damina ta kawo kai. Ya tafi kasuwa ya samo iri mai sheƙi, ƙwaya ɓul-ɓul, ya tsaya aka gwada masa mudu har ya yi tozo. A hanyar dawowa ya biya gaida gwaggonsa, ta sauko masa da zangarnun da ta rataye a madafi, 'yan sirara, hayaƙi duk ya baƙanta su. Don kunya kawai ya karɓa. Da isarsa gida ya ce wa matarsa ta watsa wa kaji, shi ya riga ya gwada biyun da ido, ya ga wanda ya fi. Ta yi dariya ta ce, "Maigida, ido ya gwada kyau, mudu ya gwada yawa. Bari ƙasa ma ta faɗi nata." Ta cika kasko biyu da ƙasa, ta barbaɗa kowane iri a nasa, ta ajiye su gindin randa tana yayyafa musu ruwa.

Ba a jima ba, wata safiya ya zo ɗiban ruwa sai ya ga kaskon gwaggo ya yi kore shar, tsiro na ture tsiro. Na kasuwa kuwa shiru. Ya sa yatsa ya tona, ya tarar ya ruɓe, ashe tsohon hatsi ne da zafi ya kashe. Ya yi salati, ya tuna saura ƙiris ya binne shekararsa a gona, sannan ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa. Ruwan shuka na sauka ya fita da baƙin irin, kowane rami kuwa ya amsa. Da kaka ta yi, rumbu ya cika har aka jingina damma a bango. Matar ta dama furar sabon gero, maƙwabta suka sha, kowa ya tafi da zangarniya a hannu don baɗi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.