Sunana a Jerin Masu Shara

A makarantarmu ta Rikkos mata ke shara, maza su yanke ciyawa. Wata rana monita ya rubuta sunana a allo cikin jerin mata, ya ƙara "ɗan daudu" a gefe. Aji ya kwashe da dariya.

Malamin lissafi ya shigo. Ya goge zagin da tafin hannunsa, ya rubuta sunansa ƙarƙashin nawa.

"Miƙo min tsintsiya, ɗana. Yau ni da kai ne."

Ya duƙa da farar rigarsa, ya share har ƙarƙashin ƙafar monita. Malamin bai taɓa tambayata ko gaskiya suka faɗa ba.

Yanzu ni ke horar da malamai. Duk wanda ya ce bai san yadda zai kare irin wannan yaro ba, tsintsiya nake miƙa masa.