Zuma a Cikin Rairayi

Sahabi ya tarar da kawunsa, Malam Ilu, a ƙofar gida bayan la'asar, ya tsoma ƙafafunsa masu ciwo a ruwan ɗumi. Dattijon ya ƙare ƙuruciyarsa a wata matatar mai, yana kula da manyan tukwanen da ake ɗumama mai da iskar gas. Sahabi ya durƙusa ya gaishe shi, ya daɗe yana wasa da tsinke a ƙasa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Matarsa Dije ta yi yaji. Shi ya gaya mata baƙar magana, ya kuma san laifinsa ne. Mayafinta na nan rataye a bayan ƙofa, ya kasa ɗaukewa, ya kasa daina kallo. Amma yana tsoron in ya je biko da kansa, harshensa ya ƙarasa abin da ya fara. Shi ya sa ya zaɓi yayarsa Asabe ta je a madadinsa, tunda ita ba ta da hayaniya, ba kamar Gwaggo Kulu ba, wadda ake jin faɗanta tun daga bakin kasuwa.

Malam Ilu ya ce, "Da ka ji tsoron harshenka, ka yi hankali, ɗan nan. Mu ma a wurin aiki ba ma bari wuta ta taɓa mai ko gas. Bututun da ke ɗauke da su sai ya ratsa ta cikin wani abu da wuta ta ɗumama, ko ruwa, ko tururi, ko wani mai mai kauri, wani lokaci har narkakken gishiri. Sai dai kowannensu da halinsa, kuma wajen zaɓensa ake yin asara. Matso ka ji."

"An yi wani mai zuma, a shekarar da zuma ta gudu daga dajinsu. Amyoyinsa duk suka bushe, sai guda ɗaya a kan wata ɗorawa, ita ce ta ba shi farar saƙa cikin ƙwarya. Matarsa tana kwance, tari ya hana ta sakat, ba abin da take marmari sai farar zuma. Ya san in ya ɗora saƙar a wuta don ya raba zuma da kaki, ƙonewa za ta yi. Mahaifinsa ya koya masa dabara: a sa ƙaramar tukunya cikin babba mai ruwa, a hura wuta a ƙarƙashin babbar. Ruwa yana da iyakar da zafinsa ba ya wucewa, ko an ƙona masa itacen daji duka. In ya ji wuta sai ya yi ta ɓaɓatu, yana kaɗa murfi, yana feso tururi a fuskar mutum, kowa ya san halin da yake ciki. Ana janye itace kuma ya yi shiru, ya soma hucewa. Aibinsa kawai nawa da surutu.

"Mai zuma ya ga ba zai iya jira ba, ga shi ba ya son ƙarar murfi ta tashi mara lafiya. Sai ya tuna da maƙwabciyarsa mai suyar gyaɗa a kaskon rairayi. Gyaɗarta ba ta ganin wuta, ba ta ƙonewa, ba a kuma jin motsin komai sai na ludayi. Bai lura cewa hannun mai gyaɗar ba ya barin juyawa ba. Ya ari kaskon, ya gasa rairayin, ya binne 'yar tukunyarsa a ciki har wuya. Nan da nan kaki ya narke, ƙamshi ya cika gida. Ya janye itace, ya yayyafa wa garwashi ruwa, ya ce ai an gama, ya shiga ɗaki ya zauna kusa da matarsa yana yi mata fifita, yana gaya mata ta kusa shan abin da take so. Wuta ta mutu a murhu, amma ba ta mutu a rairayi ba. Shi rairayi ba ya tafasa, ba ya tururi, in ka dube shi kamar mai sanyi, alhali duk zafin da aka ba shi ya adana, yana kuma miƙa wa tukunya a hankali. Da mutumin ya fito ya buɗe, ya tarar zumar ta yi baƙi, ta kama gindin tukunya, ɗaci kamar maɗaci, ko ƙuda bai sauka a kanta ba. Matar tana daga ciki tana tambaya ko ta huce. Ya tsaya da murfi a hannu, ga shi babu wata amya da zai hau sai baɗi."

Malam Ilu ya fitar da ƙafarsa daga ruwan, ya goge.

"Kulu za ta je ta zage ka, ta zagi Dije, ta yi wa surukanka tsawa, kafin magariba suna cin tuwo a kwano ɗaya. Asabe kuwa, har yau ba ta manta ranar da Dije tana amarya ta gaishe ta a tsaye ba. Ba ta taɓa ɗaga murya a kai ba, ba ta kuma huce ba. Kada ka tura ta."

Sahabi ya sunkuyar da kai, tsinken ya karye a hannunsa.

"Kawu, ai tun da hantsi ta tafi."

Dattijon ya dubi hanyar da ta bi zuwa unguwar su Dije, rana ta riga ta yi ja a kan rufin gidaje. Ya zubar da ruwan da ya huce a gindin bango, ya ce, "Allah ya kyauta. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago."