Bayan Huhunan Goro

Mamunatu ta ƙudundune a bayan huhunan goro, gwiwa a haɓa, ƙamshin ɗanyen ganye ya cika mata hanci. Ɗakin ajiyar ba shi da taga. Ƙofa ɗaya ce, mai nemanta kuwa yana tsaye a bakinta.

Tun da gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Ghana, Zangon Kumasi ya koma tasha. A waje direban babbar motar Nijar sai danna ham yake. In aka same ta, a motar nan za a saka ta.

Ba kowa tsakaninta da mutumin sai saurayinta Rafi'u, mai karatun fasahar magana a jami'a. Wata rana suna cin gasasshiyar ayaba a unguwar Aboabo ya gaya mata sirrin karatun nasu: ka fara sa mutum ya yarda da kai, ka kawo hujja, sannan ka taɓa zuciyarsa. Dariya ta yi masa a ranar. Yau ba ta da madogara sai wannan.

"Ranka ya daɗe, ba zan yi maka ƙarya ba," in ji Rafi'u. "Na san inda take."

Ta ƙara lafewa a bayan huhunan, Rafi'u kuwa ya ci gaba.

"Amma a nan aka binne cibiyarta. Kabarin uwarta yana nan. A can wa ta sani? Ko hanyar rijiya ba ta sani ba."

"Doka ce, yaro," mutumin ya ce, muryarsa a dishe. "Ni ma ba da son raina ba ne."

"Ni ɗan ƙasa ne. A ba ni aurenta, ni zan tsaya mata a gaban kowa."

Mutumin ya ture shi ya shigo. Ya bi huhunan yana bubbuga su kamar wanda ya san mazaunin kowanne. Takun ya matso, ya tsaya. Nan ne ta lura babban yatsan ƙafarta yana waje, ja wur da lalle.

Ta runtse ido. Wani abu mai sanyi ya sauka a kan ƙafar: ganye ne, an lulluɓe yatsan da shi.

"Ba kowa a nan," mutumin ya ce. "Ka iya magana, ɗan boko. Saura riƙon amana."

Ta leƙa ta tsakanin huhuna. Mutumin, mahaifinta Boukari, ya saɓa ƙullin kayansa, ya nufi motar shi kaɗai, bai waiwayo ba.